Madubin Kan Gawo

Ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini. In kin ga ina hawaye ki ci gaba da aikinki, kuka ba ya hana ni magana. Haƙorana sun zube, idona ya yi hazo, amma har yau in babbar mota ta canja giya a bayan gari sai gabana ya faɗi.

Mijina direba ne. A soja ya koyi tuƙi, lokacin da Turawa suka kwashi samari zuwa yaƙinsu. Da ya dawo, wani attajiri a Azare ya damƙa masa babbar mota. Hanyarsa ɗaya ce, Azare zuwa Katagum, Katagum zuwa Azare. Ya tafi da gishiri da kananzir da atamfa, ya dawo da busasshen kifi da gero, fasinja a saman kaya. Da kaka kuma sai gyaɗa. Gidanmu na bakin wannan hanya, a wata 'yar unguwa ta gidaje bakwai ko takwas kafin a shiga Azare. Ni kaɗai nake wuni a gidan. Na haifi biyu, duk sun koma kafin yaye. Malam nake ce masa, shi ma a ɗaki, da murya ƙasa-ƙasa. Sunansa ba ya hawa harshena, haka aka tarbiyyantar da mu. Ƙofar zaure kuwa ba na tsallake ta sai da izninsa.

Bari in kwatanta miki wurin, don in ba ki gane shi ba, ba za ki gane sauran ba. Mai zuwa daga Katagum zai miƙe doguwar hanya sambal, babu kwana. Abin da zai fara hangowa shi ne gawon da ke bayan gidanmu, wanda ya fi kowace bishiya tsawo a wajen. Yana wuce ƙofarmu sai tsamiya. Gaba da tsamiya da ɗan nisa sai kuka. Daga kuka hanya ta gangara zuwa wani rafi da aka yi wa kwalbati, sannan ta haura tudu mai yashi a ɗaya gefen. Gawo, gida, tsamiya, kuka, kwalbati. Ko daga barci aka tashe ni zan jera su.

Tsakanin tsamiya da kuka 'yan sanda ke ɗana tarkonsu. Sun auna wurin da igiya. Ɗaya ya laɓe bayan tsamiya da farin hankici, mota na giftawa ya ɗaga shi sama. Sajensu na bayan kuka da agogo a tafin hannu. In motar ta iso kuka da wuri fiye da yadda agogon ya yarda, sai ka ji usur. A kai direba gaban hukuma, a buga wa lasisinsa hatimi. Hatimi uku, an raba mutum da sitiyari. Direbobi kuwa a daidai nan suka fi son gudu, don mota mai kaya in ba ta taho da ƙarfinta ba, yashin tudun nan zai riƙe ta.

Malam na da hatimi biyu.

Ranar da aka buga masa na biyu bai ci tuwo ba. Ya zauna a tsakar gida ya ɗaga kai yana kallon gawo har aka yi la'asar. Washegari bai fita aiki ba. Ya dawo daga tasha da madubin wata matacciyar mota, da cibiyar ƙafar keke, da wayar birki, da murfin langa. Ya ce a soja ya ga ana magana da madubi daga tsauni zuwa tsauni, ba tare da an buɗe baki ba. Kwana biyu yana fama, ya hau ya sauko, ya je maƙera ya dawo. Ya ɗaure madubin can a ƙololuwar gawo yana fuskantar hanyar Katagum, ya rufe masa fuska da murfin langar. Daga murfin waya ta sauko, daga waya igiya, ta bi kan katanga ta shigo madafata, ya maƙala bakinta a ƙusa kusa da murhu. In an ja, murfin ya buɗe, rana ta daki madubi. In an saki, ya rufe.

"Sau uku," in ji shi. "Ki ja, ki saki. Sau uku, ki huta, ki sake. In suna nan ke nan. In ba sa nan, kada ki taɓa."

Na ce, "Malam, ni da ba na fita, ina zan san suna nan?"

Ya ce, "Mai nononki fa?"

Akwai wata Bafillatana, babbar mace, ta girme ni nesa, wadda ke kawo mini nono kullum da hantsi. Rugarsu na hayin rafi, saboda haka ta kan kwalbati take bi, ta wuce kuka, ta wuce tsamiya, kafin ta iso gare ni. Babu abin da ke ɓuya mata. In ta sauke ƙwarya ta ce, "Ƙawa, yau ungulu sun sauka," na san 'yan sanda sun jingina kekunansu a bayan kuka.

Ranar gwaji Malam ya zo da abokinsa, wani Babarbare, shi ma direba, iyayensa daga Barno suka zo suka zauna a Azare. Mutum ne mai baki, ba ya haɗuwa da mai nono su rabu lafiya. Ina jin su daga bayan zana.

"Af, wannan baiwar tawa za ku ba amanar lasisinmu?" in ji shi. "Ai da ƙwaryar dusa Saje zai saye ta."

Ta ce, "Ji bawan banza. Wa ya kwance ka daga turke? Ka zo ka gaida uwargijiyarka ko kunya babu, baki duk goro kamar wanda ya sha jini."

"Nonon naki ma rabi ruwan rafi ne."

"Ai saboda irinku nake tsarma shi. Cikin Babarbare bai san mai kyau ba."

Malam na dariya, ni ma na toshe baki da zani. Suka tuƙa motar suka yi nisa wajen Katagum, suka juyo. Da na ji ƙugin injin na ja igiya. Tana da nauyi, kamar kana jan guga rabin cika. Da suka iso, Babarbaren ya leƙo zaure yana cewa, "Uwargida, wallahi kamar tauraro da rana tsaka! Ido ne, ido sak, yana ƙifta mana."

Daga nan abin ya zama aikina. Direbobin hanyar ba su fi a ƙirga da yatsu ba, duk an gaya musu a asirce. Na koyi muryar kowace mota. Ta Babarbaren tana tari, wata tana kuka kamar jaki. Ta Malam tana da wani gurnani a ƙasa wanda nake ji a ƙirjina kafin kunnena ya ji. In ya ga hasken sai ya sassauta tun daga nesa, ya wuce ƙofarmu a hankali kamar mai rakiyar amarya, ya taɓa ham sau biyu, ƙanana. Godiyata ke nan. Ya bi ta gaban tsamiya da kuka salin-alin, ya ɗaga wa Saje hannu. Yana wuce kuka sai ya sake wa motar wuta a gangaren, don ya rama ƙarfin da zai hau tudu. In damina ko rani ya juya, rana ta canja mazauni, sai ya hau ya gyara wa madubin zama.

Shekara biyu ba a kama ko mutum ɗaya a wannan tarko ba.

Mutanen unguwa ba su san komai ba, kuma gawo kin san ba bishiyar wasa ba ce. Itacen da ke zubar da ganye lokacin da kowa ke yin kore, ya yi ganye lokacin da kowa ya bushe, tun tale-tale ana cewa yana da masu shi. Da manoma suka fara hango haske na ƙiftawa a kansa, sai aka daina bi ta ƙarƙashinsa. Mata suka daina tsintar 'ya'yansa wa awaki. Wata rana na ji Saje da kansa a gindin bishiyar, bayan katangata, yana tambayar mai unguwa. Mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, mu dai mun tarar da shi a nan, ba ma shiga harkarsa." Na ji Saje yana karanta wata addu'a ƙasa-ƙasa, takalmansa suka yi gaba. Ni kuma ina tsaye da igiya a bayana, ina jin daɗin wayonmu. Allah ya yafe mini, har dariya na yi.

A shekara ta uku mahaifina ya rasu a Shira, Malam ya kai ni na yi kwana bakwai. Kafin in tafi na naɗe igiyar a ƙusa, na rufe madafa. Da na dawo, Babarbaren ya zo gaisuwa. Bayan ya yi mini ta'aziyya daga zaure sai ya ce, "Amma uwargida, wa kika bar wa aikin? Ran Talata hasken ya sa na yi ta rarrafe a banza, babu ko karen Saje."

Malam ya ce, "Ba ta nan ran Talata. Gidan a rufe yake."

"To ni dai na gani. Sau uku, ya huta, ya sake."

"Iska ce."

"Iskar da ta iya ƙirga uku?"

Babu wanda ya yi dariya. Malam ya hau bishiyar a ranar, ya sauko ya ce komai na nan daidai, wataƙila shaho ne ya sauka a kan wayar. Ya karɓo laya wajen wani malami ya ɗaura a jikin murfin. Amma daga ranar, duk dawowar da zai yi, kafin ya sha ruwa sai ya tambaye ni, "Kin ja yau?" Wani lokaci in ce e. Sau biyu na ce a'a, sai ya dube ni, ya dubi ƙusar, ya karɓi ruwan ya sha.

Ni ma na gani da idona. Rana ta take tsaka, irin lokacin da ko kaji ba sa motsi, ina tankaɗe a madafa. Babu iska, ko ganye ɗaya ba ya kaɗawa. Sai na ji ƙusa ta yi ƙara. Na ɗaga kai. Igiyar ta miƙe tsaf kamar an ja ta, ta saki. Ta miƙe, ta saki. Ta miƙe, ta saki. Ta huta daidai yadda nake hutawa, gwargwadon numfashi biyu. Sannan ta sake. Rariya na hannuna, gari na zuba a ƙafata. Na kasa kunne ko zan ji mota. Babu mota. Hanya shiru har Katagum. Ban san wa ake wa gargaɗi ba.

Na roƙi Malam ya sauke abin. Ya ce in bari damina ta wuce, don da hatimi biyu a aljihu ba zai iya tuƙi da makanta ba. Ya ce da kaka zai mayar da shi kan dogon gora a cikin gida, mu bar wa masu gawo gawonsu.

To, ga ranar.

Farkon damina ne. Malam ya tafi Katagum, ya ce sai jibi, don zai jira kifi. Washegari da asuba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, irin wanda ake jira a yi shuka. Gari na wayewa unguwa ta watse. Maza, mata, tsofaffi, kowa ya ɗauki iri da sungumi ya yi gona. Ni kaɗai aka bari, da kaji. Hadari ya janye, rana ta fito tas, ƙasa na tururi. Kwaɗi sun yi shiru. Ban taɓa jin unguwar nan ta yi irin wannan shirun ba.

Mai nono ta makara. Da ta shigo, zaninta jiƙe yake har cinya.

Na ce, "Ungulu sun sauka?"

Ta ce, "Ina! Wa zai fito cikin wannan caɓi? Amma ƙawa, kwalbati ya tafi. Ruwa ya cinye cikinsa kaf. Ta sama hanya na nan lafiya lau kamar babu abin da ya same ta, amma in kin leƙa ta gefe, rami ne, kina hango haske ta ɗaya ɓangaren. Ɓawo kawai ya rage. Ni ta cikin ruwa na ratso, ban yarda in ɗora masa ko ƙafata ba."

Na ce, "Malam sai gobe."

Ta ce, "To alhamdu lillahi. In aka yi ruwa ai tare motoci ake yi. Bari in bi ta gonaki in gaya wa mai unguwa a zo a jibga ƙaya."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta bi ƙaramar hanya ta yamma. Abin da ba mu sani ba, ko ɗigo ba a yi a Katagum ba. Babu wanda ya tare hanya a can. Kifi kuma ya samu da wuri.

Ina wanke ƙwarya na ji gurnanin a ƙirjina. Na tsaya. Na ce a raina tsawa ce daga nesa. Sai kunnena ma ya ji.

Na faɗa madafa na kama igiya. Na ja, na saki, na ja, na saki. Ban ƙirga uku ba, ban huta ba, ja kawai nake yi har tafin hannuna ya goge. Gurnanin na ƙaruwa. Can sai na ji ya sauka, ya yi laushi. Ya gani. Ya sassauta.

Nan ne na yi kuskuren da nake kuka a kansa har yau. Da na ji ya sassauta, sai zuciyata ta kwanta. Na ce ya ji ni. Ban tuna cewa madubin nan kalma ɗaya tak ya sani ba. 'Yan sanda, shi ke nan. Ba mu taɓa koya masa ruwa ba, ba mu koya masa rami ba, ba mu koya masa tsaya ba.

Na saki igiyar na tafi zaure. Akwai asabari a ƙofar, na tsaya a bayansa ina leƙe ta tsakanin karare. Motar ta zo a hankali, taya na tsotsar laka. Saman kaya cike da maza, sun kai goma sha, duk fuskokinsu na kallon gidanmu. Ga Malam a sitiyari, gwiwar hannunsa a taga, hularsa ta soja da ya ƙi rabuwa da ita. Kusa da shi Babarbaren, ashe motarsa ce ta lalace a Katagum ya biyo shi. Tsakanina da Malam bai fi tsawon tabarma uku ba. Tafiyar motar ko tsohuwa za ta iya cim mata.

Abin da ya rage in ɗaga asabari in fita. Hannuna na kansa. Amma babu mayafi a kaina, ga maza, ga abokinsa. Matar aure a bakin hanya tana ɗaga murya gaban fasinja, me za a ce da shi a tasha? Duk wannan ya zo mini a lokaci guda, da kuma tunanin cewa ai zai tsaya, tunda ya ga yadda na ja ba irin na kullum ba.

Na ce, "Malam."

Da muryar ɗaki na faɗa. Ni kaina da ƙyar na ji.

Ya taɓa ham sau biyu, ƙanana. Ya wuce.

Na tsaya ina saurare. Ga shi a tsamiya. Ga shi tsakani, yana tafiya a hankali. Na ce yanzu zai tsaya ya duba. Ga shi a kuka. Sai na ji giya ta shiga, injin ya ɗaga murya.

Ban san lokacin da na keta asabarin ba. Na ga kaina a tsakiyar hanya, ba takalmi, ba ɗankwali, ina gudu cikin laka. Na kira shi. Da sunansa na kira shi, sunan da uwarsa ta raɗa masa, da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Sau ɗaya ke nan a rayuwata. Na ji sunan ya fita bakina kamar baƙon abu, ya bi hanya, babu wanda ya amsa.

Ƙarar ba ta da girma. Mutane na zaton irin wannan abu da tsawa yake zuwa. A'a. Kamar an yar da buhun gero daga kan rumbu. Sai injin ya mutu. Daga nan babu abin da nake ji sai ruwan rafi da numfashina. Da na wuce kuka na hango gindin motar a sama, taya ɗaya na juyawa ita kaɗai, kifi busasshe na bin ruwa.

Fasinja ruwa ya watsar da su, suka fito da raunuka, wani dattijo ya karye a ƙafa. Babarbaren ya karye a hannu. Malam kaɗai ne bai fito da rai ba. Kaya ne suka zamo suka danne shi a kan sitiyari. Wata mata daga gona ta cire mayafinta ta rufa mini, ta janye ni. Ba a bar ni na gan shi ba sai da aka yi masa wanka.

Ki dakata kaɗan.

To. Rubuta.

Ina cikin takaba, wajen kwana arba'in, Babarbaren ya zo. Ya zauna a zaure, ni ina bayan zana. Mai nono na tare da ni, don tun ranar ba ta bar ni na wuni ni kaɗai ba. Ya gaishe ta da ladabi, ta amsa da ladabi. Wannan ma kaɗai ya isa ya sa ni kuka.

Na ce, "Ina so in tambaye ka, don Allah kada ka ɓoye mini. Ya ga hasken?"

"Ya gani, uwargida. Tun daga nesa."

"Me ya ce?"

"Ya ce yau kuma har cikin laka suka fito. Da muka wuce tsamiya babu kowa, muka kai kuka babu kowa, sai ya yi dariya. Ya ce, ba ita ba ce, masu gawo ne ke wasa da mu, ka ga ko ƙirgen ba su yi daidai ba yau."

Na riƙe zana da hannu biyu. Na ce, "Ya ji kirana?"

"Injin na ƙara. Ba mu ji komai ba."

Da ya tsaya a nan, da na ɗauki kayana na san nauyinsa. Na yi shiru lokacin magana, shi ke nan. Amma ya ci gaba, don a zatonsa sanyaya mini rai zai yi.

"Amma ya gan ki," in ji shi. "Muna cikin gangaren, mota ta ɗauki wuta, sai ya dubi madubin gefensa. Na ga fuskarsa ta canja. Ya ce, subhanallahi, me ya fito da ita? Sai ya taka birki da ƙafa biyu. Ke ce abin da ya gani na ƙarshe, uwargida. Saboda ke ya tsaya."

Na ce, "A ina ya tsaya?"

Na ji yana gyara zama. Na sake tambaya.

"A ina motar ta tsaya?"

"A kan kwalbatin," in ji shi, da ƙyar. "Daidai kansa. Ta tsaya cak. Har ya kai hannu zai buɗe ƙofa. Sannan ƙasa ta buɗe."

Mai nono ta kama hannuna ta matse. Ni kuwa sai da na yi masa tambayar.

"Ka san mota, ka san hanyar nan. Faɗin ramin bai fi taku biyu ba, na gani. Da bai taka birki ba, da ya bi ta kai da gudun da ya ɗauko, za ta haye?"

Mutumin nan da bai taɓa rasa abin faɗa ba, na ji yana murza carbi. Kaza ta shigo zauren ta fita.

"Na taɓa ganin mota ta haye irinsa," in ji shi. "Na kuma taɓa ganin wadda ba ta haye ba."

"Wannan fa?"

"Allah ne masani, uwargida."

Na sake tambayarsa ranar da na fita takaba. Na sake tambayarsa bayan shekaru, da na gamu da shi a Azare ya tsufa ya bar tuƙi, yana sayar da goro. Amsar ba ta canja ba, har ya koma ga Mahaliccinsa. Ban ƙara aure ba, ko da yake an nema. 'Yan'uwana suka mayar da ni Shira, na bar gidan yadda yake, ban ko shiga madafar ba.

Mata sun sha ce mini kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, ban taɓa ja da ikon Allah ba. Amma ba wannan nake tambaya ba. Tsawon shekarun nan ina tsaye a wuri biyu. Ina bayan asabari da hannuna a kansa, ina ce wa yarinyar nan fita, fita yanzu. Ina kuma tsakiyar hanya cikin laka, ina ce mata koma, kada ya gan ki. Ban san wacce zan yi wa faɗa ba. Na roƙi gafara a kan shirun, na roƙi gafara a kan kiran, don ban san wanne ne ya kashe shi ba.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Ajiye alƙalamin, ki miƙo mini ruwa.